Ssenga Nanyonga da Kantar Danginta

Shekara goma sha ɗaya na yi teburina na jikin na Perusi Nanyonga, a ofishinmu da ke saman shagon fenti a Ntinda, ban taɓa jin wani ya kira ta da sunanta ba. Kowa Ssenga yake ce mata, har Ochwo mai kamfanin, wanda ya girme ta. Ssenga a wurinmu ita ce gwaggo, 'yar'uwar uba, wadda ba a ƙulla aure sai ta shiga tsakani. Ita ma haɗi ne sana'arta, sai dai ba mutane take haɗawa ba.

Ƙananan na'urori muke ƙerawa, irin waɗanda ake ɗaura wa famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, su kunna shi, su kashe shi, su aiko saƙo in ya lalace. Manhajar da ke cikinsu gunduwa-gunduwa muke rubuta ta, kowa da tasa. Abin da ke tattara gunduwoyin nan, ya ba kowacce mazauninta a ƙwaƙwalwar na'ura, ya nuna wa wannan inda za ta sami waccan in ta kira ta, shi muke ce wa linka. Namu Ssenga ce ta rubuta shi, tun kamfanin bai wuce mutum uku da butar shayi ɗaya ba.

A lokacin na'ura iri ɗaya tak linkan ya sani. Da aka daina samun irinta a kasuwa, aka kawo wata, Ssenga ta zauna ta koya masa halinta. Wata ta zo mai jera lambobi daga baya zuwa gaba, ta yi mako biyu tana zaginta kafin su shirya. Masu awon madara na Mbarara suka zo da tasu, masu awon ruwan sama suka biyo baya. Haka linkan ya riƙa girma kamar gidan gado, yau a ƙara ɗaki, baɗi a fasa ƙofa.

Duk na'urar da ya koya, sai Ssenga ta ɗauki guda ta ɗora a wata kanta da ke bayan kujerarta, ta maƙala mata 'yar fitila, ta raɗa mata sunan wani a danginta. Akwai Kojja Lule, wato kawunta, saboda nawa. Akwai Nakato da Babirye, 'yan biyun da ba su taɓa yin shiri ba. Ta farkon kuwa, wadda aka faro da ita, sunanta Jjajja, kaka ke nan. Dokar Ssenga ɗaya ce: duk wanda ya taɓa linka, ko da waƙafi ya canza, ba za a saki aikinsa ba sai fitilar kowa a kantar nan ta nuna kore.

Sauran ba su da wahala. Kana zaune a kujerarka za ka tura musu manhaja ta waya, su fara aiki nan take. Jjajja ce matsala. Ta tsufa, ba ta san wannan gatan ba. Sai ka ɗura mata manhajar, ka zare wutarta, ka mayar, sannan ta yi tunani ta kunna fitila. Ga ta a can ƙasan kanta, dole ka durƙusa. Mun sha roƙon Ssenga ta dawo da ita sama, ta ce ai haka ake gaida manya. Na ce mata ni namiji ne, a gidanmu mata ke durƙusawa. Ta ce Jjajja idonta ya yi rauni, ba ta bambancewa.

A shekarata ta bakwai na ƙirƙiro tsintsiya. Masu saye suna ta neman ƙari, ƙwaƙwalwar na'urorin kuma ta cika. Sai na ce bari in koya wa linka shara: ya bi diddigin wa ke kiran wa, duk gunduwar da ba mai kiran ta ya watsar da ita. Wata uku na yi a kai. Ranar da na gama, manhajar ta rage kashi ɗaya cikin uku. Ochwo ya aika aka sayo wa kowa gurasar capati da ƙwai, ni kuwa kaina ya kumbura har ina jin ƙofar ofis ta yi mini kaɗan.

Aka kai wa dangi. Goma sha uku suka nuna kore. Na durƙusa gaban Jjajja, na zare, na mayar. Ba kore, ba ja. Duhu.

Kwana uku ina durƙuso ina tashi, ko gezau. Ga shi ranar Juma'a za a loda sababbin na'urori ɗari biyu zuwa Moroto, kuma manhajarsu ba za ta shiga ba sai da tsintsiyata. Sai na zagaya na sami Ochwo. Na ce masa irin Jjajja da suka rage a daji ba su wuce arba'in ba, duk a Nakasongola, kuma ana kan sauya su. A cire ta daga linka, a sauke ta daga kanta, kowa ya huta. Gaskiya zan faɗa, ba Moroto ce ta dame ni ba. Na gaji da durƙuso, kuma ina son in ga aikina ya fita. Ochwo ya ce ya yarda, amma ni zan gaya wa Ssenga, shi yana da iyali.

Da safiyar Alhamis muka same ta tana cin katogonta, wato faten ayaba da wake. Na jero hujjojina kaf, ita kuwa ba ta ajiye cokali ba sai da na kai aya.

"Mugerwa, ɗana, me Jjajja ta ce maka?"

"Ba ta ce komai ba, Ssenga. Ta mutu."

"Wadda ta tashi garau ranar Litinin da tsohon linka? Ruwa ba ya tsami banza."

Ochwo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, inda gudu zai yi masa sauƙi, ya ce kamfani muke da shi ba gidan tarihi ba. Na zaci za ta tayar da ƙura. Sai kawai ta goge baki ta ce ta amince, a cire Jjajja. Alfarma ɗaya take nema, a yi wa sauran irin gaisuwar Jjajja sau ɗaya kafin a sallame ta.

Ta tattare zaninta, ta durƙusa, ta kai hannu bayan kanta ta zare wutar gaba ɗaya. Ta ƙirga goma a fili, da gangan, tana kallona. Ta mayar.

Muka jira. Kojja Lule dama mai nawa ne, na ce a raina, a ba shi lokaci. Minti ɗaya ya wuce. Fitila goma sha huɗu, babu wadda ta ko ƙifta.

Kafin ta miƙe na riga na gane, kuma ganewar ta fi duhun ciwo. A farkon ƙwaƙwalwar kowace na'ura akwai wani ɗan jadawali. Babu gunduwar da ke kiran sa. Na'urar ce da kanta take duba shi da zarar wuta ta shige ta, don ta san ta ina za ta fara. Tsintsiyata ta ga ba mai kiran sa, ta share shi. Sababbin ba su nuna ba, don wayar da muke tura musu manhaja tana kama hannunsu ta kai su inda za su fara. Jjajja kaɗai ake kashewa a tayar. Na'urar famfo kuwa kullum rana ta faɗi sai ta kwanta, ta fito sai ta tashi. Da mun loda, da rana ta fito a Moroto kan rijiya ɗari biyu, mata na layi da jarkoki, ba ko ɗigo.

Kunya ta rufe ni. Ssenga ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta koma kan katogonta ta ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Gyaran layi uku ne: wata alama da za a sa wa gunduwa, mai cewa kada a share. Ta ce ni zan rubuta da hannuna. Kafin azahar dangi duk sun yi kore, motar Moroto ta tashi a kan lokaci. Alamar tana da sunanta a takarda, amma har yau a ofis ba mai amfani da shi. Sai ka ji ana cewa, wannan gunduwar a sa mata Mugerwa.

Shekara biyu ke nan da Ssenga ta ajiye aiki ta koma Masaka kiwon kaji. Linka yana hannuna, dangi sun kai ashirin da biyu. Mun haɗa abin da ke kashe su ya tayar da kansa, amma Jjajja na bar ta a ƙasa. Duk Juma'a Ssenga takan kira, kuma kafin ta tambayi matata sai ta tambaya ko Jjajja ta tashi.

Watan jiya aka sauya ta ƙarshe cikin irin Jjajja da suka rage a Nakasongola. Na yi ta juya yadda zan gaya wa Ssenga, na dai daure na faɗa. Ta ce to, in sauke Jjajja daga kanta, ta yi aikinta. Muryarta ta taɓa ni ƙwarai. Na ce to.

Juma'ar da ta biyo ta kira. Ta ba ni labarin ruwan sama, da zakaran da ya addabi maƙwabta, ba ta yi tambayar ba. Har ta fara sallama na ce, "Ssenga, Jjajja ta tashi fa."

"Na sani," in ji ta. "Tun daga Masaka na ji ƙarar gwiwarka."