Hular da Sajo Mai Kaset Bai Cire Mini Ba

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga watan Satumba na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Sajo mai kaset a gidansa da ke Maigatari, bayan jinyar da ya sha tun farkon damina. Ina gonata a Gagarawa Tasha ina duba gero wayar ɗansa Zayyad ta shigo. "Baffa, Baba ya cika," abin da ya iya faɗa ke nan. Na zauna a kan kunya na daɗe ban san inda kaina yake ba. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Sajo, ni ne Ɗalha mai gurmi, wanda ka yi shekara talatin da ɗoriya kana ɗaukar muryarsa a rikoda. Mutane sun zo sun faɗi alherinka, ni ma zan faɗa. Amma ka san ni ba na iya haɗiye magana, don haka har ƙorafina zan haɗa.

Bafulatanin rugar Sule Tankarkar ne kai, ka bar sandar kiwo ka kafa rumfar kaset a bakin kasuwar Maigatari. Ni kuwa Bamange ne, abokin wasan Fulani, saboda haka tun ranar da muka haɗu nake kiran ka bawana, kai kuma kana cewa gara saniya da ni, ita ko ba komai tana ba da nono. A kan wannan wasa muka tsufa.

A zamanin da waya ba ta zo ba, matan da mazajensu suka tafi ci-rani rumfarka suke zuwa su yi saƙon murya a kaset. Sai ka danna musu rikoda, ka saki labule, ka fita ka tsaya a rana har su gama, don kada kunnenka ya ji sirrin gidan wani. Ban manta da Kande mai ƙosai ba, wadda mijinta ya rasu a hanyar sahara, rikoda kuma ta tauna kaset ɗin da ke ɗauke da muryarsa. Ta zo tana kuka da zaren a tafin hannu. Ka wuni kana warware shi da tsinke, kana liƙa inda ya tsinke da jan farce, har muryar mamacin ta sake fitowa tana gaishe da yara. Ranar jana'izarka Kande ta fi wasu danginka kuka. Kuma duk kasuwar ta shaida, ladan bai taɓa kai ƙarshen kabbarar farko lasifikarka tana ƙara ba.

Kai ka fara ɗaukar kiɗana, lokacin ba wanda ya san ni ko a Gagarawa. Ka tura shi a kaset-kaset, ka cusa wa direbobin Damagaram, har aka fara gayyata ta biki a tsallaken iyaka. Duk abin da na zama, bayan Allah, kai ne.

To, yanzu ga ƙorafin.

Kana da wata ɗabi'a da duk mai zuwa rumfarka ya sani. Ba ka yabon kiɗa da baki. Idan abu ya kai maka inda ya kai, sai ka cire hularka, damangar nan ruwan toka da ta koɗe, ka ɗora a gwiwa, ka rufe ido. Shi ke nan hukuncinka. A iya sanina abu ɗaya ka taɓa cire wa hular nan, kuma ba ni ba ne.

Wani direban kamiyo, kamar yadda mutanen tsallake ke kiran babbar mota, shi ya kawo maka kaset ɗin daga Damagaram. Na wasu Turawan Ingila ne, a jikin kwalin an buga hotonsu sun sha baƙaƙen kaya, ba mai murmushi ko ɗaya, kamar an yi musu rasuwa. Waƙoƙinsu da suka fi fice ne aka tsinto daga faya-fayansu na shekaru aka tara wuri guda. Kiɗan kuwa ba fata, ba tsirkiya, ba ƙwarya, na'ura ce kawai ake dannawa tana tsuwa. Ba ka jin Turanci ko na sayen ruwa. Amma kowace Alhamis, idan kasuwa ta fara watsewa, sai ka sa shi, hula ta sauka gwiwa.

Na tsani kaset ɗin nan, Sajo, kuma har yau da nake wannan rubutu ina kishinsa. Na taɓa tambayar ka me ka ji a ciki. Ka ce, "Saurara, Bamange. Kowane sauti yana bin bayan ɗan'uwansa, ba mai taka wani, kamar shanu za su mashaya. Mutanen nan sun zauna sun zubar da tsakuwa sun bar tsaba." Na ce to ni ma a zubar mini da tawa tsakuwar, ka tara mini zaɓaɓɓun waƙoƙina a kaset ɗaya kamar nasu. Ka ce, "Ba a shiƙa sai an gama sussuka. Kai ba ka gama ba." Wannan amsa ka yi ta ba ni har furfura ta cika mana kai.

Babu irin abin da ban yi ba don hular nan. Na canja tsirkiya. Na rage tumasanci na ƙara ma'ana. Na taɓa ɓoye kaset ɗin a buhun gawayin maƙwabcinka, ka wuni ba ka ci abinci ba, sai tausayi ya sa na fito da shi, ka kakkaɓe ka sa, ko zagi ban samu ba. A bikin 'yarka Khairiyya na yi waƙar da ta sa tsofaffi share hawaye da bakin mayafi. Idona na kanka. Na ga hannunka ya tashi ya nufi hula, na kusa sakin gurmi. Ashe ƙeya za ka sosa. Ranar ko tuwon biki ban ci ba na hau mota na koma gida.

Da zamani ya juya, kaset ya mutu, matasa suka koma tura waƙa a waya, ka sa Zayyad ya kwashe maka Turawan nan ya zuba a memorin waya. Na ce ko yanzu na huta da su, ashe sun ma samu hanyar bin ka har cikin aljihu.

Da ciwo ya kwantar da kai, na zauna na haɗa waƙa ɗaya, wadda na san ban taɓa yin kamarta ba kuma ba zan ƙara ba. A kan abota ce da tsufa, ba sunan kowa a ciki. Na zo na same ka a ɗaki ka rame, na zauna a bakin katifa na kaɗa ta a hankali. Sai da na kai ƙarshe na ɗaga ido, sannan na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun shigowata: a kwance kake, kanka ba hula. Tana can rataye a ƙusa. Sai ka ce, "Ɗalha, tsirkiyarka ta ƙasa ta ɗan saki." Ina sa takalmi a ƙofa na ji ka ce wa Zayyad ya kunna maka mutanenka. Na fito da tsuwar na'urar nan a kunnena, raina a ɓace, kuma wannan ce rabuwarmu.

Bayan sadakar uku, matarka Tayyiba ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana. Ta miƙo wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali, na buɗe, sai ga damangar.

"Malam Ɗalha," ta ce, "ranar da ka zo ka yi wa abokinka kiɗa, kana fita ya ce a kashe wayar, a sauko masa da wannan. Muka tayar da shi zaune da ƙyar. Ya sa ta, ya cire, ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido. Sannan ya ce in ta Allah ta kasance a ba ka, ka san zancen."

Maimakon in yi godiya, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Maman Zayyad, Turawa ya cire musu a gaban kasuwa shekara da shekaru. Ni sai da na juya baya?"

Sai ta ce, "To su Turawan, sun taɓa gani ne?"

Na rungume hular na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Duk da haka, Sajo, kada ka ɗauka na huce. Su an tara musu zaɓaɓɓunsu tun suna da ƙuruciya, da hoto da suna. Nawa suna nan cikin buhuna a bayan rumfarka, kuma kunnen da zai raba tsaba da tsakuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Zayyad ya ce in zo in zaɓa da kaina ya tura mini. Na ce masa a bari. Waƙa ɗaya ce aka zaɓa, ita ma ba wanda ya danna rikoda ranar da na yi ta.

Ya Allah, ga bawanka Sajo ya zo gare Ka. Iyalinsa sun shaida da kalmar shahada ya cika, Ka tabbatar da shi a kanta. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ya huta. Yadda ya rufa asirin matan mutane, Ka rufa nasa ranar tonon asiri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tayyiba, da Zayyad, da Khairiyya da ƙannensu, da danginsa na rugar Sule Tankarkar, da 'yan kasuwar Maigatari baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Hular tana rataye a ɗakina kusa da gurmi. Na ɗaure tsirkiyar ƙasa, bawana, ta daina saki. Saura mai ji.