Wane Kakan?

Jiya ina kwashe kayan akwati na ci karo da usur ɗin Kawu, mai koya mana ƙwallo a ƙauyenmu kusa da garin Hasahisa. Har yau a lotse yake.

Ranar da ya lotse, shekarun baya, daga gonar auduga muka wuce wasan kofi a cikin gari. Muna jefa ƙwallo ta biyu wani ɗan gari ya faɗo fili da gora, yana ihu wai tun kaka da kakanni Fallata, wato mu jikokin baƙi daga yamma, ba sa ɗaga kofi a nan.

Kawu ya ce, "Wane kakan? Ƙwallon da Turawa sunka kawo shekaranjiya?"

Ya kai usur baki ke nan gorar ta sauka. Na ji ƙarar haƙori, jini ya wanke masa gemu. Na rarumi dutse, Kawu ya damƙe mini hannu. Ya tofar da haƙora biyu, ya busa da fasasshen leɓe.

"Ku koma fili, saura minti goma!"

Mun ci wasan, aka hana mu kofin.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya saukar da kai inda ba a tambayar kakan kowa.