Satin da aka ce ni nake yanke muryar radiyo

Shekarun baya, a shekarar nan da damina ta yi mana gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki, ina aiki a wani ƙaramin gidan radiyo a nan Agadez. Sunan aikin teknisiyan, amma a gaskiya duk abin da ke da igiya nawa ne. Ordinatar ɗinmu, wato kwamfuta, guda ce, tsohuwa, ni na sa mata Linux da hannuna, kuma ta cikinta kowace murya ke bi kafin ta fita iska. Ina ji da ita kamar ni na haife ta.

Sai ta tsiro da wani iskanci. Ana cikin magana murya ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Na buɗe jurnal ɗin na'urar, wato inda take rubuta duk abin da ya same ta, na tarar da magana ɗaya tana ta maimaita kanta: ɗan akwatin sauti, wanda ke shigar mata da murya, ya ɓace, ya dawo, ya ɓace. Rubutu na zuba a allo sai ka ce an bar famfo a buɗe. Cikin kwana biyu ya cika disk, ko sallama ba a iya ɗauka a ajiye.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne lokacin. Bayan la'asar ake karanta sanarwar hukuma kan inda za a raba dusar dabbobi, kuma kwana uku a jere a daidai nan murya ta yanke. Rana ta huɗu wani soja ya zo, ya zauna, ya sha shayi, ya yi tambaya cikin ladabi: wa ke taɓa na'ura? Darakta ko yawu bai haɗiye ba ya nuna ni.

Da sojan ya fita sai ya ce, "Bon, ka ji da kunnenka. Nan da Juma'a in ba ta gyaru ba, sunanka zan rubuta musu."

Na ce, "Patron, kai ma ka san ban yanke komi ba."

"Ni mi na sani? Kai ka sa mata wannan abin naka da ba wanda ya iya."

Wallahi raina ya ɓaci. Shekara uku ina lallaɓa wannan tsohuwa ba wanda ya taɓa ce mini sannu, rana ɗaya an mai da ni mai yi wa hukuma zagon ƙasa. A wancan zamani wannan suna ba abin wasa ba ne. Kafin in isa gida labari ya riga ni, mahaifiyata ta tare ni a zaure tana cewa, "Kai da siyasa tun yaushe?"

Na duƙufa. Na cire pilot, wato ɗan shirin da ke sa na'ura ta gane akwatin sauti, na sake sa shi. Na je sibar, shagon intanet, na yi rabin yini ina jiran sabo ya sauko. Na canza igiyar makirfo. Abokina ya aiko mini da nasa akwatin daga Tchirozérine a motar kasuwa, na gwada. Kullum da safe komai lafiya lau, in fito ina baza kafaɗa ina cewa an gama. La'asar na yi, allo ya sake ɓarkewa. Babu irin zagin da ban yi wa waɗanda suka rubuta pilot ɗin nan ba, bayin Allah da ba su ma san akwai ni a duniya ba.

Ranar Alhamis na gaji da gyara, na zauna ina kallon jurnal kawai. Sai a lokacin na lura kowane layi yana da awarsa a gefe. Kwana da kwanaki ina karanta ƙorafin, ban taɓa duba lokacin da ake yin sa ba, ni da nake kiran kaina gwani. Kafin azahar babu ko layi ɗaya. Abin yana farawa ne daidai sa'ad da rumfar ƙofarmu ke cika da makiyaya, masu cigiyar dabbobi da masu tambayar dusa.

Na ja tebur, na shiga bayan na'ura ina bin igiyoyi da hannu. Igiyar akwatin sauti ba a jikin ordinatar take ƙarewa ba, a wani ɗan maraba mai baki huɗu take, irin wanda ake jona igiyoyi da yawa a jikinsa, wanda ba ni na sa ba. Daga nan wata doguwa ta bi ta taga. Da ma na sha ganinta, na ɗauka ta lasifikar tsakar gida ce. Na bi ta har rumfa, na tarar da talho uku, wato wayoyin hannu, a kan tabarma suna shan wuta, wasu na jiran layi. Duk wanda ya soka nasa sai ya janye wutar, akwatin sauti ya suma.

Na tambayi wani dattijo da ya zo daga wajen Aderbissinat wa ya ja musu igiyar. Ya ce, "Darakta ne, Allah shi saka mishi. Shi ya ce baƙon radiyo ba shi komawa da talho matacce." Ordinatar ce kaɗai ke da batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, shi ya sa darakta ya zaɓe ta.

Na shiga biro wurin darakta, na faɗa masa. Ya ɗaga gira ya ce, "Ah bon? To ka cire mana."

"Patron, kai ka ba su. Fito ka yi musu bayani."

"Kai ne teknisiyan."

Haka na fita na zare igiyar a gaban mutane. Dattijon nan yana jiran kiran ɗansa da ya bi raƙuma kudu. Ya dubi talhonsa, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ruwa ya ƙare, ciyawa ta ƙare, yanzu wutar ma?" Na naɗe igiyar na koma ciki.

Murya ba ta sake yankewa ba. Darakta ya rubuta wa hukuma cewa an shawo kan matsalar a ƙarƙashin kulawarsa. Ni kuwa ko "yi haƙuri" ban samu ba.

Tun daga nan, kafin in zargi na'ura sai na duba awa, na bi igiya har ƙarshenta. Ban taɓa jin haushin makiyayan ba, su wuta aka ba su suka karɓa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne mutum ya yi kyauta da abin da bai san kansa ba, ya kwashe godiya, ya bar maka zargi, sannan ya tura ka ka ƙwace.

Bayan 'yan shekaru, a kasuwar dabbobi, wani mutum ya ƙura mini ido ya ce, "Ai na gane ka. Kai ne na radiyo, wanda ya hana mu wuta shekarar fari." Na buɗe baki zan fara masa bayanin jurnal da akwatin sauti, sai na ga ba inda zan kama. Na ce masa, "Ni ne."