Bindigar da Ba Ta Jiran Ɗuri

Duk sanda samarin garinmu suka ce in ba su labarin ranar da muka tari rundunar Nasara, na san abin da kunnensu ke so: ganga, kirari, maza na rugawa da mashi a hannu. To, an buga gangar, an yi kirarin, an kuma ruga. Sai dai ni ba maroƙiya ba ce, ba kuma zan koyi roƙo da furfurata ba. Abin da na riƙe na wannan rana tsoro ne, kuma ba don kaina na ji shi ba, don ɗana na ji shi.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Tasawa da Mayahi, rijiya ɗaya, shingen ƙaya kewaye, da tsohuwar tsamiya a bakin ƙofa. Mijina ya rasu tun yaron bai iya riƙe hauya ba, ƙyanda kuma ta kwashe ƙannensa, ya rage daga ni sai shi. A shekarar da nake faɗa ya zama saurayi sosai, gemu ya fara tsiro, shi ke nome mana gona. Da yake ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na kuma yi masa doguwar magana a gaban mutane. In na dama fura sai in ce wa ƴar maƙwabta, "Ki ce ma wancan ya zo ya ɗauka." Mata na yaba kunyata. Ba su san cewa kullum in ya saɓa hauya ya fita, ina bayan zana ina leƙensa har ya ɓace ba.

Damina ta kankama, gero bai kai gwiwa ba, ana tsakiyar noman fari, rumbuna kuwa sai an zura jiki kafin a taɓo dami. A wannan lokaci ne Bafulatanar da ke kawo mana nono ta faɗo gidana da hantsi, ƙafafunta duk ƙaya, ba ƙwarya a kanta. Shekara da shekaru muna tare ban taɓa ganinta ba ƙwarya ba, sai na ga kamar tsirara ta shigo. Na ba ta ruwa, ta sha.

"Ƙawa, sun kwashe shanun dut," in ji ta. "Wata runduna ce ta hito daga yamma, masu jar hwata ke jan ta. Garin da ya ba su hatsi su ɗaure mazan su yi masu dako, wanda ya hana su sa mashi wuta. Nan suka nuho."

"Maza ba su tare su ba?"

"Sun tare. Ƙawa, bindigarsu ba ta hutawa."

Ta faɗi wannan ta sake faɗi, idonta a ƙofa, kamar suna biye da ita.

Kafin azahar maza sun cika gindin tsamiya, har da na ƙauyukan kusa da suka ji ganga. Mu mata muna bayan shinge muna saurare, yadda muka saba, su yi shawara mu sha wahalarta. Wasu suka ce a gudu daji. Amma in an gudu a tsakiyar noman fari ciyawa ta cinye gero, a dawo a ci me baɗi? Ɗan abin da ya rage a rumbu kuma ba ya ɗaukuwa tare da tsofaffi da jarirai. Ana cikin wannan ja-in-ja sai yayana ya miƙe.

Yayan nan nawa ba wawa ba ne, ina so a ji wannan da kyau, don na ji masu zaginsa bayan ba ransa, kuma yawancinsu ba a haife su ba a lokacin. Da ƙuruciyarsa ya yi yaƙi da ƴan bindigar gabas masu kawo mana hari, yana da tabon harsashi a kafaɗa da yake nuna wa kowa, har wanda bai tambaya ba. Abin da ya sani game da bindiga shi kowane mayaƙin ƙasarmu ya sani, kuma shi ya raya su. Bindiga sau ɗaya take magana. In ta yi, sai mai ita ya dasa gindinta a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya jefa harsashi, ya daddanna da sanda. Duk tsawon wannan aiki itace ne kawai a hannunsa. Saboda haka yaƙinmu da ƴan bindiga hanyarsa ɗaya ce: a matso, a kwanta ƙasa, a bar su su harba, da hayaƙi ya tashi a miƙe a ruga a cim musu suna ɗuri. Mai sauri ne ke cin irin wannan yaƙi.

Don samari su gani da idonsu, ya sa aka kira maharbin garinmu da bindigarsa ta toka, wadda ko zabo sai ta ga dama take kashewa. Maharbin ya tsaya bakin rijiya, samari suka kwanta gindin tsamiya. Ya harba sama, suka zabura. Yana ta kiciniya da tsumma suka iso, wani ya fizge masa hula, gari ya kwashe da dariya. Aka sake, aka kuma sakewa. Kowane karo ɗana ne ke fara dafa kafaɗar maharbin, sauran na bayansa suna haki. Mata suka riƙa zungurina suna cewa na haifi barewa. Ban taɓa jin haushin ƙafafun yaron nan ba sai ranar.

Da aka watse na bi yayana har ƙofar gidansa.

"Yaya, ka ji abin da Bahillatar nan ta ce? Ta ce bindigarsu ba ta hutawa."

"Na ji. Mace ta ji bindiga da yawa na tashi bi da bi, tsoro ya sa ta zaci guda ce. Ke mi kika sani ga bindiga?"

"Ban san komi ba. Amma shi kaɗai gare ni. Ka sa shi baya, cikin ƴan baka."

Ya dube ni. "Yau ke ce da bakinki kike maganar shi?" Sannan ya sassauta murya. "In na sa ɗan ƙanwata baya, wa za ya ba ni nashi in sa gaba? Tahi gida."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai. Na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta, ya ƙyale ni na gama na tafi. Na koma gida wurin yaron. Na dama masa fura mai kauri, na ɗauko layar ubansa na ajiye kusa da ƙwaryar. Ya gani, ya ɗaura a damtse, ya sha furarsa.

Jiran ma wata azaba ce. Ƴan kwanakin da suka biyo baya maza na zuwa gona da hauya a kafaɗa ɗaya, kwari a ɗayar. Muka haƙa ramuka a cikin ɗakuna muka binne ɗan geron da za mu iya. Jaki ya yi kuka sai gaban kowa ya faɗi. Rannan wata yarinya ta ga ayarin masu gudun hijira ta kwarma ihu, gari ya yamutse, ni kaina na tsinci kaina a bayan shinge rungume da taɓarya, ban san abin da zan yi da ita ba.

Ranar da suka iso, an kai tsofaffi da yara cikin kurmin geza da ke bayan gari. Mu masu sauran ƙarfi aka bar mu da tulunan ruwa bisa tudun yashin da ke kallon gonakin yamma, saboda haka abin da zan faɗa idona ne ya gani. An yi yayyafi da safe, ƙasa na ƙanshi. Ungulaye muka fara hangowa, suna shawagi suna matsowa a hankali. Sannan mutanen suka ɓullo, jeri ba iyaka, ƴan dako da igiya a wuya, shanu, mata, a gaba kuma masu bindiga da jajayen huluna. Na zaci dodanni zan gani. Baƙaƙe ne kamar mu, sai wani mai jar fata bisa doki can gefe, bai ma cika mini ido ba.

Mazanmu suka matsa cikin gona da ganga da kirari, suka kwanta tsakanin gero. Geron bai ɓoye kowa ba, ina ganin bayan kowannensu. Na gane nawa da farin bantensa, yana sahun gaba. Abin da ya fara kashe mini jiki shirun waɗancan ne. Ba su yi kirari ba, ba su zagi uban kowa ba. Wani ya daka tsawa da wani harshe, suka jeru, na gaba suka durƙusa, na baya suna tsaye.

Suka harba. Ƙarar ta daki ƙirjina, tulun wata ya suɓuce ya fashe. Hayaƙi ya tashi, na ji muryar yayana, "Yanzu! Ku tashi!" Suka miƙe gaba ɗaya suka ruga, kuma wallahi na ɗan lokaci ni ma na yarda, matan da ke kusa da ni har sun fara guɗa. Idona na kan bindigogin, ina jira in ga an dasa su a ƙasa an nemi tsumma. Ba wanda ya sauke tasa. Hannu kawai suka kai gefenta suka murɗa wani abu, kamar mai ɓare gyaɗa, suka mayar kafaɗa.

Harbi na biyu ya same su a tsaye, a fili, suna gudu. Mutane suka zube. Waɗanda suka rage ba su tsaya ba, don a saninsu yanzu kam dole a yi ɗuri, sai ma suka ƙara ƙaimi. Aka sake harbi. Aka sake. Guɗa ta koma kururuwa. Na ga yayana tsaye tsakiyar gona, ya saki mashinsa, ya ɗaga hannu biyu yana cewa su kwanta, su kwanta, ba mai jin sa, har shi ma ya zauna a hankali bai ƙara tashi ba. Ɗana kuwa hayaƙi ya haɗiye shi tun harbi na biyu, yana gaban kowa.

Ban san yadda na sauka daga tudun ba, sun ce janye ni aka yi. Muka kwanta cikin geza muna toshe bakin jarirai, muna jin kukan awakinmu da ƙarar rumbuna na cin wuta. Ƙaya ta shige mini cinya, ban sani ba sai washegari. Ko ƙadangare ya motsa sai mu ce ga su nan. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta salati. Ni ko addu'a na kasa haɗawa, abu ɗaya ke zagaya kaina: yana can cikin rana, ba mai ba shi ruwa.

Suka sha rijiyarmu, suka kwashe abin da za su kwashe, bayan azahar suka wuce gabas. Ba mu bari kukan shanunsu ya gama ɓacewa ba muka fito. Kowace mace ta shiga gona tana juya mutane tana duba fuska. Na iske yayana, na rufe masa fuska da mayafina, na wuce. Na wuce ɗan maƙeri, na wuce mai ganga. Tun gawa na kusa da gawa har suka fara tazara, har na wuce ta ƙarshe, ban gan shi ba. A nan na buɗe baki na kira sunansa, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Na kira da ƙarfina, a gaban kowa. Can gaba, dab da inda ƙasa ta cika da sawun gwiwoyin masu bindiga, na ji an ce, "Na'am."

Yana kwance rigingine, idonsa biyu, leɓɓansa sun bushe. Na tallabo kansa na ba shi ruwan gorata. A ƙasan haƙarƙarinsa akwai wata ƴar huda, da ƙyar ɗan yatsa zai shiga, jinin ma ba yawa. Na ji sanyi a raina, don na ga raunin mashi da na kibiya da suka fi wannan muni, an kuma warke. Na ƙwala wa wanzamin garinmu kira, yana yawo tsakanin masu rauni da zabirarsa. Ya zo ya durƙusa ya duba.

"Alhamdu lillahi, ƙarami ne," in ji shi. "Kama mani mu juya shi, in ga inda harsashin ya tsaya."

Muka juya shi kaɗan. Wanzamin ya dubi bayan, ya daɗe yana dubawa. Sai ya kwantar da shi a hankali, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya tashi bai dube ni ba, ya nufi wani mai nishi can gefe. Na zura hannuna ƙarƙashin bayan yaron don in tallafe shi, sai hannun ya shige inda bai kamata a sami wuri ba. Tafina bai rufe ramin ba.

"Inna," in ji shi, "mi wanzami ya ce? Ƙarami ne ko?"

"Ƙarami ne."

Na jawo shi jikina, na zauna cikin geron, hannuna a wurin. In an jima ya sake tambaya, in sake gaya masa ƙarami ne. Haka muka yi ta yi, ni da shi, rana na sauka, har ya daina tambaya.