Furen Kabewata, Yabon Ƙawata

Kabewar tawa ce, ni na shuka ta, ni na sha wahalar ban ruwa, amma ƙawata aka tafa wa. Har yau ban ce hakan ya yi mini daɗi ba.

Shekarun baya ne, lokacin da na shiga lekol, makarantar manya, a unguwar Diguel da furfurata. Madam, malamarmu, ta ce kowa ta zo da fure, wadda ta fi gane darasin ita za ta yi bayani gaban baƙi ranar rufe aji. Na riga na ɗinka atamfar ranar a zuciyata.

Na tsinko furanni masu ƙaramar kabewa a gindi, don a gidanmu su muke kira furen kirki. Masu siririn wuya kuwa, da ba sa haihuwa, akuya muke ba. Ƙawata, maƙwabciyata mai sayar da tsire, ba ta da ko tukunyar shuka. Ta leƙo ta katanga.

"Yaya, ba ni na akuyar nan mana."

Na watsa mata ina dariya.

A aji Madam ta tsaga furen ƙawata da reza, ta ɗora gilashin ƙara girma. Ga tsinke a tsakiya, kansa ɗauke da 'yan jakunkuna. Ta ce a cikinsu akwai ƙwayoyi iyaye, kowace ta rabu huɗu, su zama garin nan rawaya, sai jakar ta nuna ta fashe. In babu garin, babu kabewa. Ta juya nawa ta ce, "Hajiya, wannan mace ce, karɓa take yi."

Ƙawata ta maimaita bayanin tsaf, yatsanta duk rawaya. Madam ta ce, "Kalas, shi ke nan, ke za ki tsaya." Har gilashin aka ba ta aro.

A hanya ta ce, "Yaya, ki gaishe mini da akuya." Tuwon ranar ma ƙonewa ya yi.

Yanzu in na tuna, ba yabon ne ya fi cin raina ba. Ita ta ga jakunkunan da idonta ta cikin gilashin, ni kuwa ƙeyarta kawai na gani.

Washegari da sassafe na tsinko fure irin na akuyar, wanda bai buɗe ba, na ɗauki reza, na buga mata ƙofa.

"Fito da gilashin. Ban zo barka ba, kallo na zo."