Ina Taura Aka Goge Mini Gari

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma duk ranar da na tuna abin da abokin zamana ya yi mini a unguwar Limawa sai raina ya sake ɓaci. Wannan kam ko tsufa ba zai mantar da ni shi ba.

Farkon shekarun shari'a ne, muna ƙananan ma'aikata a Dutse, ɗaki ɗaya muke haya ni da shi. Muka haɗa hannu muka sayi kwamfuta gwanjo, wai za mu koyi buga takardu. Ba mu buga takardar kirki ba, domin wani ɗan bautar ƙasa maƙwabcinmu ya zo da faifai ya saka mana wasan yaƙi. Mutum uku ake ba ka a daji, kai za ka tura su saran itace da noma da haƙar zinare, ka gina rumbu da ganuwa, ka tara dakaru, sannan ka fita yaƙi. Ni ɗan manoma ne daga Taura, nan da nan abin ya shige ni. Wata huɗu ina fama, daga na yi la'asar in dai akwai wuta ina kai. Na cinye matakan duka, saura na ƙarshe, kuma na ajiye garin da nake ji da shi, mai ganuwa biyu, gonaki a jere bayan rumbu.

Ana nan sai abokin nawa ya je Kano ya ga sabuwar fitowar wasan a wani shago. Ya dawo bakinsa bai rufuwa.

"Mutumina, namu fa tsohon yayi ne," in ji shi. "A sabon, gona in ta ƙare da kanta take sake shuka. Dakaru a sahu suke tafiya, ba irin namu masu watsewa kamar awaki ba. Ga sababbin ƙabilu!"

Na ce, "Gonar da take shuka kanta ai ta malalata ce. Daɗin tsohon shi ne idonka ɗaya na gona, ɗaya na fagen fama."

Mako guda muna wannan musu. A ƙarshe na ce ya sayo in yana so, amma ya bari in gama matakina tukuna. Ya ce to. Da kunnena na ji ya ce to.

Ranar Juma'a na tafi Taura sunan ɗan yayata. Lahadi bayan azahar na dawo na tarar da shi gaban kwamfuta ya yi tagumi. Ya tare ni da gaisuwa mai tsawo, har jaririn da bai taɓa gani ba ya tambayi lafiyarsa. Nan jikina ya ba ni.

"Ina garina?" na ce.

"Ka zauna mana ka sha ruwa."

Ban zauna ba. Ashe ranar Asabar ya koma Kano ya sayo faifan. Da ya zo sakawa kwamfutar ta ce babu wuri, shi kuwa gwani sai ya goge tsohon wasan gaba ɗaya, har da ajiyata, don ya samar wa sabon masauki. Sabon kuma ya ƙi tashi, domin ba wasa ne mai zaman kansa ba, ƙari ne da ake ɗorawa a kan tsohon. An rubuta haka ɓaro-ɓaro a bayan kwalin, bai karanta ba. Ɗan bautar ƙasar kuwa tuni ya gama ya tafi garinsu da faifansa. Babu tsoho, babu sabo.

Da haƙuri ya ba ni ya yi shiru, da sauƙi. Sai cewa ya yi, "Haba, ai wasa ne kawai."

"Wasa ne kawai ya kai ka Kano sau biyu?" na ce. "Wata huɗuna ka goge, kuma sai da ka jira na bar gari!"

Kwana goma ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba, ban kuma ji kunyar hakan ba. Ba hotunan gidajen wasan ne suka fi ƙona mini rai ba, alkawarin da ya karya ne, da rainin da ya biyo baya.

Bayan watanni muka samo faifan tsohon wasan muka haɗa shi da sabon. Gaskiya sabon ya fi kyau, dakarun sun fi jin magana, ban musa ba. Amma ban sake gina gari ba, matakin nan na ƙarshe har yau ban san yadda yake ƙarewa ba.

Tun daga ranar ba na kawar da tsohon abu sai na ga sabon ya tsaya da ƙafarsa. Ko waya na canza, tsohuwar sai ta yi wata a aljihuna, 'ya'yana suna yi mini dariya. Na kuma koyi cewa abin da wani ya zuba wa lokacinsa, ko a idonka shirme ne, ba kai za ka yanke ranar da za a goge shi ba.