Ranar da Inna ta riƙe tiyo

Motar kwana-kwana ba ta shiga lungunmu na Dala. Shekarar da ɗakin Inna, mahaifiyata, ya ƙone, bokiti ne kawai a hannunta. Tun daga nan ko ƙaurin tsumma ta ji sai ta bi gida ɗaki-ɗaki tana dubawa.

Shi ya sa da 'yan lungu muka kafa tanki da injin tura ruwa saboda gobara, ni ne uban rawar kai. Ranar gwaji ko shago ban buɗe ba, murna ta hana ni zama.

Sai na tarar da mai aikin famfon, wani dattijo daga Mandawari, yana ɗaura wani dunƙulen tagulla a bakin bututu.

"Baba, wannan fa?"

"Bawul ne. Rage ƙarfin ruwa yake yi."

Rage ƙarfi! Mu da muka girma muna tsotsar famfo da baki kafin ya ɗiga? Na ce wallahi ba a lungun nan ba. Jama'a suka goya min baya, har da masu tafi. Dattijon bai yi musu ba. Ya kwance abinsa, ya miƙo min tiyo, ya ce a tada inji.

Kai! Tiyon nan ya miƙe, ya fizge ni, ya maka ni da katanga. Hulata ta tafi, ruwa ya yashe yaɓen gidan maƙwabci, liman ya tattare riga ya ruga. Ana ta ihu ana dariya, ni ina ƙasa cikin caɓi, kunya kamar in nutse.

Aka kashe inji, dattijon ya mayar da bawul ɗin, sannan ya dube mu.

"In wuta ta tashi da hantsi, kuna kasuwa, wa ke gida?"

Duk mun san mata ne. Ya sa aka yi sallama da Inna. Ta fito tana gyara mayafi, ya danƙa mata tiyo. Na matsa kusa da ita, don na san abin da tiyon ya yi min.

Aka tada inji. Ruwa ya fita tsaf, ya haye har kan soro, tiyon ko fizgar ta bai yi ba. Ta juya bakin tiyon ta saita shi kan rufin ɗakinta, ta daɗe a haka, tana dariya hawaye na zuba.

"Inna, a kashe?"

"Bar shi tukuna," in ji ta.